Shawarar Lauya: An raba ƙannena uku gida-gida, an kuma hana ni ganinsu

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ni matar aure ce a Kano, shekaruna 25. Mahaifinmu ya rasu a 2021, mahaifiyarmu kuma ta bi shi a 2023, suka bar mu mu huɗu, uwa ɗaya uba ɗaya: ni, da ƙanena mai shekara 12, da ƙanwata mai shekara 10, da autarmu mai shekara 5. Bayan addu'ar arba'in dangi suka zauna suka raba yaran. Baffanmu ya ɗauki namijin, goggonmu ta tafi da mai bi masa Abuja, autar kuma aka bar wa kakarmu ta wajen uwa a ƙauye, wadda ta tsufa, ganinta ma ya yi rauni. Tun daga ranar yaran ba su sake haɗuwa ba. Da ƙaramar Sallah na kai wa ƙanena ɗinki, aka tsayar da ni a zaure aka ce ba ya nan, alhali ina kallon takalmansa a bakin ƙofa. Goggo ba ta ɗaga wayata, kuma na samu labarin cewa yarinyar ta daina zuwa makaranta, talla take yi. Gidan da mahaifinmu ya bari yana hannun 'yan haya, Baffa ke karɓar kuɗin, har yau ba a raba gado ba. Mijina, wanda ba danginmu ba ne, ya yarda in riƙe su duka. Shin ina da haƙƙin karɓarsu, ko aƙalla na riƙa ganinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya jiƙan iyayenku, Ya raya marayun da suka bari. Amsar a taƙaice ita ce kina da hanyoyi, amma wadda kika fi sa rai a kanta, wato karɓar yaran uku gaba ɗaya zuwa gidanki, ita ce mafi rauni a cikinsu, kuma gara ki ji haka daga bakina kafin ki ji shi a gaban alƙali.

Tunda dukanku Musulmi ne, maganar riƙon yaro da gado da waliccin maraya tana ƙarƙashin shari'ar Musulunci, wadda kotunanmu ke bi bisa mazhabar Malikiyya, kuma sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ambaci dangantakar iyali da kula da ƙaramin yaro da gado a cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke da hurumi a kansu. Abin da dangi suka yi ranar arba'in shi ne riƙo na al'ada, kuma riƙo bai canja komai ba daga nasabar yaran: suna nan 'ya'yan mahaifinku, suna gadon juna da ke, kamar yadda aya ta 4 da ta 5 ta Suratul Ahzab suka tabbatar cewa ɗan riƙo ba ya zama ɗan cikin mutum. Haka kuma zaman dangi ba hukuncin kotu ba ne, don haka ana iya warware shi.

Abin da malaman fiƙihu ke kira hadana, wato haƙƙin renon yaro da ajiye shi a ɗaki, yana da jeri wanda mutane da yawa ba su sani ba, shi ya sa ake ɗauka cewa da zarar uba ya rasu 'ya'ya sun zama na dangin uba. Risalar Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, waɗanda alƙalanmu ke buɗewa kullum, sun sa dangin uwa mata a gaba. Bayan uwa sai kaka ta wajen uwa, sai inna, wato 'yar'uwar mahaifiya, sannan a gangaro zuwa kaka ta wajen uba, da uba, da 'yar'uwar yaron, da goggo, sai can ƙasa a iso ga ɗan'uwa namiji da baffa. Asalin fifita inna kuwa hukuncin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ne a kan 'yar Sayyidina Hamza, inda ya ba da ita ga gidan Ja'afar saboda matarsa innar yarinyar ce, ya ce inna tana matsayin uwa. Wannan haƙƙi yana nan har namiji ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. Idan kika dubi jerin za ki ga cewa kakarku ce ta fi kowa cancantar yaran ukun, ba autar kaɗai ba, ke kuma kina gaban goggo, kuma ku biyun kuna gaban baffa da nisa.

Sai dai jerin yana tafiya da sharuɗɗa, kuma a nan ne maganarki take samun tangarɗa. Ana buƙatar mai reno ya kasance mai hankali da amana da ikon kula da yaro, a wurin da yaron zai tsira, wanda hakan ke sa tsufa da raunin gani su zama hujjar da za a kawo a kan kakarku. Sannan mace tana rasa wannan haƙƙi idan tana auren wanda bare ne ga yaron kuma ta tare, sai fa idan mijin muharramin yaron ne ko kuwa yana cikin waliyyansa, kamar ɗan baffa. Da auren zumunci kika yi, da na ce ki shiga kotu da ƙarfin gwiwa. Tunda mijinki bare ne, ɗaya ɓangaren zai fara da wannan, ko da yake takobi ne mai kaifi biyu, domin idan mijin goggo shi ma bare ne ga yarinyar, matsalar da ke kanki tana kanta. Akwai kuma hujja ta biyu da za su kawo, wato shiru. Malikiyya suna ganin wanda ya sauke haƙƙinsa na reno da kansa ba tare da uzuri ba, ba ya dawo masa don ya canja ra'ayi, kuma shirun shekara guda ga wanda ya san halin da ake ciki ana iya ɗaukarsa a matsayin yarda. Saboda haka ki zauna da kakarku ki tambaye ta abin da ta faɗa ranar rabon, da waɗanda suka ji, da ko an nemi ra'ayinta ma ko kuwa sanar da ita kawai aka yi daga bayan labule, kamar yadda aka saba yi wa mata a irin wannan zama. Idan kuma mahaifiyarku ta bar ƙanwa ko yaya, musamman wadda ba ta da aure a yanzu, ki neme ta tun kafin ki nemi lauya, domin matsayinta ya fi naki.

Game da ziyara, ba zan ce miki akwai wani sashe na doka da ya rubuta da suna cewa yaya tana da haƙƙin ganin ƙannenta duk mako ba. Abin da ake dogara da shi shi ne wajibcin sada zumunci da kuma maslahar yaro, wadda ita ce manufar reno tun asali, kuma ita ce sashe na 1 na Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ya ce a fifita a kowane mataki da ya shafi yaro. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan yaran da ba sa hannun iyayensu sun ce kada a raba 'yan'uwan da suka shaƙu sai da dalili mai ƙarfi, kuma idan an raba su a bar su suna hulɗa. Ba doka ce mai tilasta wa kotu ba, amma lauya mai hankali zai ambace ta. A ganina wannan ce buƙatar da ta fi sauƙin samu, domin da wuya wani ya tsaya gaban alƙali ya kare hana yaro ganin yayarsa shaƙiƙiya. Ki kuma tuna wa dangi cewa yaron da ake ɓoye miki yau, idan ya balaga shi ne waliyyin auren ƙannensa mata, kuma a jerin Malikiyya yana gaban baffa. Ban ga hikimar da ke cikin renon waliyyin da bai san fuskar waɗanda zai aurar ba.

Inda kike da ƙarfi sosai, wanda kuma ba ki tambaye ni a kansa kai tsaye ba, shi ne gidan nan. Ke magajiya ce baliga, kuma babu mai iya ce miki ba ki da hurumin neman rabon gado. Idan iyayen mahaifinku sun riga shi rasuwa kuma mahaifiyarku ce kaɗai matarsa, to bayan biyan bashi da wasiyya tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, ragowar kuma a kasa biyar: namiji kaso biyu, ku mata uku kowacce ɗaya. Tumunin nan, da sauran abin da mahaifiyarku ta bari, kakarku tana da sudusi a ciki, wato kashi ɗaya cikin shida, saura ya dawo kanku idan kakanku na wajen uwa ya riga mahaifiyarku rasuwa. Baffa da goggo ba su da ko sisi, saboda samuwar ɗa namiji ta katange su. Bugu da ƙari, a Malikiyya waliccin dukiyar maraya na uba ne, sai wanda uba ya yi wa wasiyya, sai alƙali ko wanda alƙali ya naɗa; zama baffa kaɗai ba ya ba mutum wannan iko. Zai iya cewa kuɗin hayar yana tafiya ne a cin yaron da suturarsa da makarantarsa, kuma wannan hujja ce karɓaɓɓiya gwargwadon kason yaron, tunda ciyar da maraya mai dukiya daga dukiyarsa ake yi. Abin da ba zai iya bayyanawa da sauƙi ba shi ne inda kasonki da na 'yan matan biyu ya shiga tun 2021. Kina iya roƙon kotu ta sa shi ya kawo lissafi, ta tantance kason kowa, ta kuma naɗa amintaccen da zai riƙa karɓar haya yana aika wa kowane yaro nasa a inda yake. Na sha ganin cewa da zarar an raba riƙon yaro da riƙon kuɗinsa, sai waɗanda suka rantse ba za su saki yaro ba su fara sassautowa. Ba na ce haka baffanku yake ba, amma ki san da wannan.

Maganar ƙanwarki ta Abuja ita ce ta fi gaggawa, kuma dokar da ke kanta ta fi fitowa fili, domin Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 tana aiki kai tsaye a Babban Birnin Tarayya, yayin da jihohi sai da kowacce ta yi tata, kamar Kaduna a 2018 da Kano a 2023. Dokar ta ɗora wa duk mai riƙon yaro nauyin sa shi a makarantar firamare da ƙaramar sakandare, ta kuma hana sa yaro talla a manyan titunan gari. Amma labari kika samu, kuma kotu ba ta aiki da an ce. Ki sa wani amintacce da ke can ya gano unguwar, da sunan makarantar da ta bari, da zangon da ta daina zuwa, da wurin da take tallar da lokacin da take dawowa gida, ya kuma kasance mutumin da zai yarda ya faɗi haka a gaban hukuma. Da wannan za ki iya kai kuka ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumar da take, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, kuma idan ta kai ga shari'a akwai Kotun Iyali da dokar ta kafa. Idan ya tabbata an cire ta daga makaranta, sharaɗin amana da tsaron yaro ya girgiza, kuma a nan ne damarki ko ta innarku ta karɓar yarinyar take ƙaruwa ƙwarai. Kada ki nemi umarnin riƙo na hukuma a ƙarƙashin dokar ta 2003, domin tana buƙatar mai nema ya girmi yaron da aƙalla shekara 21, ke kuwa tazararki da ita 15 ce.

Abu ɗaya zan gargaɗe ki a kansa da babbar murya, saboda na ga ya rusa shari'ar masu gaskiya: kada ki je makaranta ko bakin titi ki ɗauke yaro ki gudu da shi, ko da shi ya roƙe ki yana kuka. Kundin dokokin hukunta laifuka na Final Kod ya ɗauki fitar da namiji ɗan ƙasa da shekara 14 ko mace 'yar ƙasa da 16 daga hannun mai riƙonsa na halal ba da izini ba a matsayin laifi, kuma ko da daga baya aka wanke ki, kin riga kin kwana a ofishin 'yan sanda, kin kuma ba su labarin da za su ba alƙali a kanki.

Da ni ce ke, da sulhu zan fara, ta hannun kawu ko limamin unguwar baffa ko mai unguwa, in hakan ya gagara a tafi Hisba, wadda ta saba da irin wannan zama. Ki shiga da buƙatu ƙanana waɗanda ƙin su zai zama abin kunya: yaran ukun su riƙa haɗuwa a gidan kakarsu kowane hutun makaranta da sallolin nan biyu, ki riƙa ganin namijin rana ɗaya sananniya a wata, a kafa lokacin waya da ta Abuja duk mako, a mayar da ita makaranta a zango mai zuwa, a kuma faɗi wanda zai biya kuɗin mota. Kada ki yarda da "ai gidanku ne, ki zo duk sanda kika so", domin wannan maganar ce ta tsayar da ke a zaure. A rubuta komai da rana da wata, shaidu biyu maza su sa hannu, sannan a kai takardar gaban alƙalin Kotun Shari'a ya tabbatar da ita, saboda sulhun da kotu ta amince da shi ne ake iya tilastawa idan wani ya saɓa.

Idan sulhu ya ƙi, sai a shigar da ƙarar gado a kotun da gidan yake ƙarƙashinta, da ƙarar reno da sunan kakarku ko innarku, ke kuma ki tsaya a matsayin mai taimaka musu da hidima da kuɗi, wanda hakan ke rage ƙarfin hujjar tsufa. Idan kuɗin lauya ya yi miki nauyi, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA suna da ofisoshi a Kano. Kafin ki je, ki tattara takardun haihuwar yaran, da shaidar rasuwar iyayenku, da duk wata takarda ta gidan, da sunayen 'yan hayar da abin da kowannensu ke biya a shekara, ki kuma buɗe ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da kika je aka hana ki da wanda ya raka ki, ki fara da ranar ƙaramar Sallar nan.