Da gaske jan ƙarfe yana kashe ƙwayoyin cuta?

Tambaya: Likita, ni ungozoma ce mai ƙaramin asibitin haihuwa. An ba ni shawara in canza mariƙan ƙofofi da na gadaje zuwa na tagulla, wai tana kashe ƙwayoyin cuta har da bairos. Gaskiya ne? Awarwaron tagulla da ake tallatawa fa?

Amsa: Malama, maganar mariƙai tana da tushe. Ƙwayar cuta idan ta sauka a kan jan ƙarfe, ƙarfen yana sakin wasu ƙananan sinadarai da ke huda ɓawonta, su shiga ciki su wargaza ƙwayoyin halittarta. A shekarar 2008 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi rajistar jan ƙarfe da gaurayensa bisa shaidar cewa suna kashe kashi 99.9 cikin 100 na wasu bakteriya cikin awa 2. Gaurayen da ake nufi su ne waɗanda jan ƙarfen da ke cikinsu bai gaza kashi 60 ba, kamar tagullar da aka haɗa da tutiya ko kuza.

Bairos ma an gwada. A watan Maris na 2020 masu bincike a Amurka sun ɗora ƙwayar korona a kan abubuwa iri-iri. A jan ƙarfe, bayan awa 4 ba a sami mai rai ba. A kwali ta kai awa 24, a roba da ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa har kwana 3. Wannan ƙarfe mai sheƙi shi muka cika ɗakunan jinyarmu da shi, saboda ido yana ganinsa fes.

Sai dai a kula, korona ta numfashi ta fi yaɗuwa. Amfanin tagulla yana wuraren da hannu ke yawan taɓawa: mariƙin ƙofa, kan famfo, ƙarfen gefen gado. Wani gwaji a asibitoci 3 na Amurka, da aka wallafa a 2013, ya sami raguwar kamuwa da cuta da kashi 58 a ɗakunan da aka sa kayan tagulla, ko da yake masana sun yi ta muhawara kan yadda aka tsara gwajin.

Idan za ki saya, ki tafi kasuwa da maganaɗisu. Tagulla ta gaske ba ta kama shi. Wadda ta kama, baƙin ƙarfe ne aka yi wa shafe. Kada ki karɓi wadda aka shafa wa banish don ƙyalli, domin shi ne zai shiga tsakanin ƙarfen da ƙwayar. Duhun da take yi idan ta daɗe ba ya hana ta aiki, amma dauɗa da maiƙon hannu suna ragewa, don haka gogewa da wanke hannu suna nan daram.

Awarwaro kuwa ba ya kare kowa daga cuta, ki faɗa wa matan da ke zuwa awo. Kada kuma a jiƙa ƙarfen a sha, yawansa a jiki yana illata hanta.