Ƙarfen da ke ƙwace iska daga tururi

Tambaya: Malam, barka da aiki. Malaminmu na kimiyya ya ce fashewar da aka yi a tashar nukiliya ta Fukushima da ke Japan ba ta nukiliya ba ce, wai wani ƙarfe ne ya jawo ta. Ta yaya ƙarfe zai fasa gini? Daga wata ɗaliba, Gusau.

Amsa: 'Yata, malaminku ya faɗi gaskiya. Sunan ƙarfen zirkoniyam, kuma da shi ake yin siraran bututun da ake cusa makamashin yuraniyam a ciki. An zaɓe shi ne don ba ya shanye niwutron sosai, wato ƙananan ƙwayoyin da ke farfasa yuraniyam ya ba da zafi, kuma ruwan zafi ba ya cin sa, saboda wata fata siririya ta tsatsa da yake yi wa kansa tana kare shi. A zafin aiki na yau da kullum, wajen digiri 300, lafiya lau yake.

Halinsa yana sauyawa ne idan zafi ya yi yawa. A lokacin sai ya zama mai kwaɗayin iska: yana shan oksijin, yana shan naitirojin, yana shan haidurojin, su shige har cikin jikinsa su sa shi gautsi. Ni da idona na ga wannan kwaɗayin tun ina yaro, ban san sunansa ba. Mai hoton unguwarmu yana da wani ɗan ƙwai da yake ɗaurawa a kan kyamara, cikinsa cike da siraran zaruruwa masu ƙyalli. Ya danna, haske ya kashe mana ido, ƙwan ya yi fari-fari ya kumbura, sai ya cire shi da hankici don zafi. Irin waɗannan ƙwayaye na baya-baya, zirkoniyam ake zubawa a ciki tare da oksijin, ya ƙone ƙurmus cikin ƙiftawar ido.

To, a Fukushima, ranar 11 ga Maris 2011, igiyar ruwan teku ta lalata injinan wuta, famfunan da ke tura ruwan sanyaya bututun suka tsaya. Ruwan da ya rufe bututun ya ja baya, suka fito fili cikin tururi. Da zafi ya kai wajen digiri 1,200, zirkoniyam ba ya jiran iskar waje. Tururin kansa yake fasawa, ya ƙwace oksijin ɗin, ya saki haidurojin. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wannan haɗuwa shi ne ita ma zafi take fitarwa, zafin kuma ya ƙara mata gudu, kamar gobarar da ke hura kanta. Tun ƙarfen bai kai ga narkewa ba, wanda sai a digiri 1,855, ɓarna ta riga ta yi nisa.

Ki yi lissafin da kanki: kilo 1 na zirkoniyam yana sakin haidurojin kusan lita 500, a cikin kowace na'urar nukiliya kuwa akwai tan-tan na ƙarfen. In haidurojin ya kai kashi 4 cikin 100 na iska kawai, zai iya kamawa da wuta. Shi ne ya taru a saman gine-ginen, ginin na'ura mai lamba 1 ya fashe ranar 12 ga wata, na mai lamba 3 ranar 14, na mai lamba 4 ranar 15. Kusan haka ta faru a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke Amurka a 1979, sai dai can ginin ya jure.

Wannan hali ne ya sa masu walda ba sa taɓa zirkoniyam sai sun lulluɓe shi da iskar agon, wadda ba ya iya sha, kuma garinsa ake ajiyewa a jiƙe don yana iya kamawa da wuta shi kaɗai. Ma'adininsa, zirkon, akwai shi a yashin da masu haƙar kuza suka bari a Filato. In kin samu shiga Jami'ar Ahmadu Bello, ki nemi ziyarar cibiyar binciken makamashi da ke Zariya: ƙaramar na'urar nukiliyarsu, tun sauyin da aka yi mata a 2018, makamashinta a cikin bututun zirkoniyam yake, amma ƙarfinta kilowat talatin da 'yan kai ne kawai, nesa ƙwarai da na Fukushima.