Tambaya da Amsa: Anti, anya za a iya binciken ƙwaƙwalwa babu kayan aiki?

Tambaya: Salamu alaikum Anti, ni ɗaliba ce a nan Jos, ina aji uku ina karanta ilimin sassan jikin mutum, kuma wallahi binciken ƙwayoyin jijiya nake so na yi, amma lab ɗinmu yau akwai wuta gobe babu, maikuroskop ɗaya mu goma muke layi a kai. Yayana ya ce ɓata lokaci ne, gara na kama sana'a. Akwai wanda ya taɓa yin suna a wannan fanni daga irin halin da nake ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Akwai, kuma mace ce, sunanta Rita Levi-Montalcini, an haife ta 1909 a birnin Turin na Italiya. Ta gama karatun likita 1936, shekara biyu kacal bayan nan gwamnatin Mussolini, shugaban Italiya na lokacin, ta kafa dokar da ta kori Yahudawa daga aikin jami'a, ita kuma Bayahudiya ce, shi ke nan ƙofa ta rufe. Sai ta mai da ɗakin kwananta lab, ta wasa alluran ɗinki suka zama wuƙaƙen fiɗa, ta samo maikuroskop, ta riƙa neman ƙwan kaza mai ɗan tsako a ciki, irin ƙwan da kike wucewa a kasuwar Farin Gada ba ki ko waiwaya ba.

Abin da take yi shi ne ta buɗe ɓawon ƙwai a hankali ta cire ɗan tsiron da zai zama ƙafa ko fiffike, sannan ta bi jijiyoyin da ya kamata su je wurin kwana bayan kwana. Wani masani a Amurka, Viktor Hamburger, ya riga ya yi wannan gwajin, shi a ganinsa ƙwayoyin jijiyar ba sa samuwa ne tun farko. Ita da ta ƙura ido sai ta ga a'a, suna samuwa lafiya lau, daga baya ne suke mutuwa saboda sun rasa wani abu da gaɓar ke ba su. Ni wannan wurin ne ya fi taɓa ni, kayan aikinta bai kai nasa ba amma ta fi shi haƙurin kallo.

Shi Hamburger ɗin da kansa ya gayyace ta Jami'ar Washington da ke St. Louis bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta je da niyyar 'yan watanni ta shafe wajen shekara 30. A 1952 ta tafi Rio de Janeiro ta ƙasar Brazil da ɓeraye masu ƙari a jiki, ta ajiye gutsuren ƙarin kusa da curin jijiyar ɗan tsako a faranti, sai ga zaren jijiyoyi sun fito daga curin ta ko'ina sun kewaye shi, alamar ƙarin na fitar da wani sinadari da ke sa jijiya girma. Abokin aikinta Stanley Cohen ne ya tace sinadarin, wanda furotin ne, aka same shi jingim a dafin maciji da kuma inda ɓera namiji ke haɗa yawu, shi ne ake kira NGF, mai sa jijiya ta girma ta rayu. Su biyu suka karɓi lambar Nobel 1986. Daga nan wasu suka gano 'yan'uwansa irin su BDNF a 1982, yanzu masu binciken ciwon mantuwa da raɗaɗi da yawa suna komawa kan aikinta. Ta rasu 2012 tana da shekara 103, kuma ta kafa gidauniyar tallafa wa karatun matan Afirka.

Amma fa kar na ruɗe ki, ɗakin kwana tambaya ya ba ta, amsar sai da ta samu lab mai kayan aiki da abokin aiki masanin sinadarai. Sannan malaminta Giuseppe Levi ya horar da ita sosai wajen yanka nama siriri da rina shi, ɗalibansa uku ne suka ci Nobel. Don haka ki maƙale wa malamin da ke koyar da wannan a sashenku, ki roƙi a bar ki ki shiga lab ranar da babu layi, ki riƙa zana duk abin da kika gani a littafi da kwanan wata. Ki kuma bincika cibiyar BioRTC da Dakta Mahmoud Bukar Maina ya kafa a Damaturu, suna horar da matasa, ki nemi gurbi idan sun buɗe. Yayanki kuma ki ba shi wannan shafin ya karanta.