Faɗuwar gaba haka kawai, alhali gwaji ya ce zuciya lafiya lau

'Yar'uwa, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Kin ce kina cikin keke daga Taminus zuwa Rikkos a Jos zuciyarki ta hau dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, har kika fara salati kina ganin ajali ne. An gwada zuciya ba a ga komai ba, a gida kuma an ce iska ce.

Abin da kika kwatanta ya fi kama da firgicin farat ɗaya. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, shi ne maigadi: ya hango haɗari ya busa usur. Wani lokaci sai ya busa babu ɓarawo. Nan take sinadarin adiranalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, gumi ya karyo. Hakin da kike yi kuma yana rage iskar kabon a jini, shi ke kawo jiri da tsikarin yatsu. Yawanci cikin minti 10 abin ya kai ƙarshen tsananinsa, sannan ya lafa.

Ki ci gaba da addu'a, amma ki je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Lamingo. Zuwa can ba ya nufin hauka, bar masu tsegumi su yi ta yi. Ki nemi a gwada miki tayirod, wato sinadarin da wata 'yar gaɓa a gaban wuya ke fitarwa, don idan ya yi yawa yakan kawo irin haka. Akwai zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan'adam, akwai maganin sha.

Kafin nan ki rage kofi da goro. In firgicin ya taso, ja numfashi a hankali, ki daɗe wajen fitarwa. Kuma kar ki ƙaurace wa keke, gudun wurin ne ke ƙara wa tsoron ƙarfi.