Mutum huɗu, saksofon huɗu, ba ganga: wane irin kiɗa ne?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ga wani bidiyo a YouTube, mutum huɗu zaune suna busa saksofon manya da ƙanana, ba ganga, ba mawaƙi, 'yan kallo kuma sun yi tsit. Ni a badujalar 'yan sanda da waƙoƙin Fela na san abin busar nan. Wane irin kiɗa ne? Kuma yana da dangantaka da algaitar da muke ji a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah? Daga wani ɗalibi a Katsina.

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Abin da ka gani Turawa na kiransa kiɗan ɗaki, domin asalinsa na 'yan tsirarun makaɗa ne a ɗakunan fada da na attajirai. Tun zamanin Haydn, mai tsara kiɗa ɗan Ostiriya, a ƙarni na 18, tsarin da ya fi daraja shi ne na mutum huɗu masu gogen Turai: biyu masu siririyar murya, ɗaya matsakaici, ɗaya mai kauri. Masu saksofon wannan tsari suka ara.

Ƙarami a cikinsu, wanda galibi miƙaƙƙe ne, sunansa sofirano. Sai alto, sai teno, irin wanda aka fi ganin Fela da shi, sai baritan, ƙaton nan da ke gurnani daga ƙasa. Yatsu iri ɗaya ake sa musu duka, girman bututu ne ya raba muryoyinsu.

Saksofon ɗan baya ne. Adolphe Sax, mutumin Beljiyam mazaunin Faris, shi ya ƙera shi, ya yi masa rajista a 1846. Lokacin manyan masu tsara kiɗan Turai sun riga sun rasu, Mozart tun 1791, Beethoven kuma 1827, don haka idan ka ji ana busa kiɗansu da saksofon, juya shi aka yi daga na goge ko fiyano. Abokin Sax, Singelée, ya rubuta wa saksofon huɗu kiɗa a 1857, amma abin bai kankama ba sai da Marcel Mule, wani mabushin saksofon Bafaranshe, ya haɗa rukuninsa daga badujalar dakarun Faransa ta Garde Républicaine a 1928. Wannan rukuni ne Glazunov, mai tsara kiɗa ɗan Rasha da ke zaune a Faris, ya rubuta wa nasa kiɗan a 1932. Da wannan kiɗan nake so ka fara.

Rashin gangar nan kuwa shi ne gishirin abin. Ba mai riƙe musu lokaci, ba kuma madugu a tsaye da sanda. Ka koma bidiyon ka zuba wa mai sofirano ido: kafin a fara zai ja numfashi a fili, ya ɗan ɗaga bakin saksofon ya sauke, sauran ukun su shiga tare da shi. Shi ya sa suke zama rabin da'ira, kowa na ganin kafaɗar kowa. Kowanne da takardarsa, abin da ke ta wannan ba shi ke ta wancan ba. Ɗaya ya ɗauko zance, na biyu ya karɓe, baritan ya ƙi yarda, kamar hirar dattawa a zaure. Wanda ya cika ƙarfi ya ɓata wa kowa, kuma saksofon akwai son ɗaga murya, don haka rabin gwanintar a sassautawa take. Shirun 'yan kallo kuwa al'adar irin wannan kiɗa ce. Ko tafi ba a yi tsakanin babi da babi, sai an kai ƙarshe.

Batun algaita, 'yan uwa ne amma ba shaƙiƙai ba. Dukansu bututu ne mai faɗaɗa zuwa ƙasa, kuma ɗan kara ne ke rawa a baki ya ba da sauti. Na algaita harshe biyu gare shi masu kaɗa juna, na saksofon ɗaya ne ɗaure a jikin mabusa. Saboda wannan karan ake lissafa saksofon cikin dangin kayan busa na itace duk da jikinsa na tagulla ne. Wata dabara kuma, ta cika kumatu a ja iska ta hanci ba tare da busa ta yanke ba, mabusan saksofon kan sha wuya kafin su iya ta, alhali mai algaitar fada da ita yake wuni a bayan sarki.