Filin Manoma: In Shuka Da Ruwan Farko Ko In Jira?

Tambaya: Assalamu alaikum. Bara na shuka gero da ruwan farko, sai aka yi kwana 18 babu ɗigo, iri ya ƙone. Bana ina so in yi haƙuri, amma ina tsoron damina ta wuce ni. Yaya zan yi? Daga wani manomi a Gumel, Jihar Jigawa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba kowane ruwa ne ruwan shuka ba. A yankinku damina takan zauna ne cikin Yuni, ruwan Mayu kuwa sau da yawa ruɗi ne. Bayan an ɗauke, je gona da sungumi ka haƙa wuri uku, tudu da kwari. In laima ta kai zurfin tafin hannu, kuma ƙasar ta dunƙule a hannunka ba ta warwatse ba, to ruwan ya kai wajen milimita 20, ana iya shuka. In sama kawai ta jiƙe, iri zai tsiro ya tarar da busasshiyar ƙasa a ƙarƙashinsa. Abin da ya kashe naka ke nan.

Ko ruwan ya yi kyau, kada ka juye irinka duka. Shuka kashi biyu, ka ajiye kashi ɗaya don cike gurbi. Ka kuma saurari hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, take fitarwa a farkon shekara, domin yakan faɗi lokacin da ake tsammanin tsaikon ruwa.

Sai dai haƙurin ma yana da iyaka. Tun yanzu ka yanke wa kanka rana. In Yuli ya kama ruwa bai zauna ba, koma wa iri mai saurin nuna, kamar gero SOSAT-C88 mai kwana 90 ko kusa da haka, ka ƙara wa wake fili.

Taki kuwa, kada ka bi kalanda. Yuriya a busasshiyar ƙasa asara ce, iska ke kwashe ta. Jira danshi, ka binne ta gefen shuka.

In kana da masara, riƙa zagaya ta duk bayan kwana uku da sassafe. Buɗe tsakiyar ganye ka duba. Ƙananan huji da wani abu mai kama da garin katako alamar tsutsa mai cin masara ce, wadda ake kira fall armyworm, da ta shigo Najeriya a 2016. Tana ƙarama feshi ke cin ta, in ta girma ta nutse cikin zuciyar shuka, magani da wuya ya same ta.