Farin fenti daga wani kamfani: ka bi lamba, ba suna ba

Ɗan'uwa, ka ce ka shafe falo da farin Dulux, ya ƙare saura ɗaki ɗaya, kuma na Berger kawai ka samu a nan Sakkwato, kana tambaya ko za su zo ɗaya.

Kar ka dogara da sunan da ke jikin bokiti. Kowane kamfani da irin farinsa: wani yana da ratsin ruwan ɗorawa, wani ya karkata zuwa shuɗi ko toka. Ka duba ko akwai lambar RAL ko BS 4800 a katin launin, wato tsarin lambobin launi da kamfanoni daban-daban ke amfani da su. RAL 9010 fari ne mai ɗan ɗumi, RAL 9016 ya fi shi haske, shi kuwa launin Magnolia lambarsa 08 B 15 a tsarin BS 4800, ya shiga ruwan madara sosai. Idan mai shago yana da injin haɗa launi, lambar nan ce za ka ba shi.

Duk da haka sai ka gwada. Sayi ƙaramin gwangwani, ka shafa sau biyu a gefen tsohon, ka bari ya bushe sarai, don ɗanyen fenti yana yaudarar ido. Duba shi da hantsi, ka sake dubawa da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ka kuma tabbatar ƙyallinsu ɗaya ne. Emalshan, wato fentin ruwa, da mai sheƙi ba sa zama daidai ko da lambarsu ɗaya.

Ni dai shawarata, kar ka haɗa su a bango guda. Tsaya a kusurwa ko bakin ƙofa, can ido ba ya kama bambancin. In kuma tsohon ya sha ƙurar hunturu, wanke shi tukuna kafin ka kwatanta.